Tukunya ta Biyu a Mashigin Kanya

Magajin Gari, Birnin Gwari,
ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga 'yata ta fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin isa Kaduna lafiya, kin sami gwaggonki da yaranta ƙalau. Allah ya tsare ki a sauran tafiyar da ke gabanki, ya sauke jirginku lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki san kowa ba.

An buɗe hanyar Mashigin Kanya. Washegarin tafiyarki Baffanki Sale ya je a kan babur, shi ne na farko a gidanmu da ya taka ƙauyen tun da muka taso. Ruwan bana ya ci gaɓar gonar babanki ta wajen yamma, kuma a jikin gaɓar da ta zube ga bakin tukunya nan a waje. A iya abin da ido ya gani ba ta fashe ba. Tana ƙasa da saiwar kanyar, zurfin wurin ya fi tsayin mutum. Cikinta cike yake da ƙasa, ba wanda ya taɓa ta. Kogin bai gama cikowa ba, masu haƙar zinare kuma sun fara komawa dajin.

Labarin ke nan. Na sa shi a sama kamar yadda aka koya mana a ɗakin labarai, don ko da mai karatu ya gaji ya ajiye takarda, ya riga ya san abin da ya faru. Amma ke kada ki ajiye. Karatun da za ki na tono kayan mutanen dā ne, kuma ina da abin da zan gaya miki a kai wanda ba ya cikin littattafanki.

Da Sale ya dawo ko ƙafa bai wanke ba ya tsaya a ƙofar ɗakina.

"Matar Yaya, albishirinki."

Na ce, "Goro."

"Na ga ƙanwar tukunyarki. In ciro miki ita ki wanke, ko kin tuba?"

Na ce, "Sale, in ka taɓa ta, ni da kai ne."

"Wa? Ni tsoronta ma nake ji. Tukunyar da ta girmi kakan kakana, wa ya san abin da aka dafa a ciki?"

Na ce masa abin da muke son sani ke nan.

Kin tashi kina jin wannan tsokanar a gida, amma ban taɓa ba ki labarin da bakina ba. Ga shi.

Lokacin kina hannun kakarki Iya a ƙauye, ba ki shiga makaranta ba. Ni kuwa ina aika wa gidan rediyonmu rahoto daga nan gari. Babanki yana haƙa rijiyar lambu a gaɓar nan don noman albasa, sai ya ci karo da tukunya. Ya tone ta a hankali da hannu, ya naɗe ta a babbar rigarsa, ya ɗauro ta a baya a kan babur kamar mai goyo. Baƙa ce, mai faɗin ciki, da zanen igiya a wuya. Bayanta duk baƙin hayaƙi, cikinta kuwa ƙanzo ne ya kama gindi da gefe, mai kauri, ya bushe kamar dutse.

Na aika wa wani malamin jami'a da na taɓa yin hira da shi a kan tarihin ƙasa. Ya ce zai zo da kansa. Da safiyar ranar na share tsakar gida, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na ɗauko tukunyar zan ajiye, sai kunya ta kama ni. Babban baƙo zai shigo gidana in ajiye masa tukunya da ƙanzo? Uwata ba ta yi mini wannan tarbiyyar ba. Na jiƙa ta, na kankare da cokali, na bi da toka da yashi, na ɗauraye da sabulu har jan yumɓun ya fito. Ruwan kuma na zubar a gindin gwandarmu.

Malamin dattijo ne mai sanyin magana. Ya juya tukunyar a hannunsa, ya leƙa ciki, ya sunsuna.

"Malama, a haka aka same ta?"

Na ce, "A'a, ai da datti take. Na gyara ta."

"Me ke ciki?"

"Ƙanzo."

"Yana ina?"

Babanki ya nuna da haɓa ya ce, "Malam, ga shi can gwanda ta karya kumallo da shi. Ka gode wa Allah ma ba ta dafa mana miya a ciki ba."

Malamin bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya yi mini bayani kamar yadda ake yi wa ɗalibi. Ƙanzon nan ragowar abincin da wata ta dafa ne. Da an kai shi ɗakin gwaji, da an san ko gero ne ko dawa ko kifi ko 'ya'yan ciyawar daji, wato da an san ko mutanen suna noma ko tsinta suke yi. Kuma abin da ya ƙone ana iya auna daɗewarsa. Ya ce, "Tukunya irin wannan muna da ita, Malama. Abincin ne ba mu da shi."

Ban yi da mugun nufi ba, da tarbiyya na yi, shi ya sa nake jin tsoron irin wannan kuskuren fiye da na ganganci. Abin da ya zo hannunki daga ƙasa, kada ki yi gaggawar gyara shi don ya yi kyan gani a idon baƙo. Ki bar shi da dattinsa har ki san mene ne dattin. Can inda za ki za a tambaye ki daga ina kike, waɗanda suka ji sunan garinmu kuma abu ɗaya suka ji. Ki faɗi garin yadda yake, da daɗinsa da masifarsa. Kada ki ce daga Kaduna kike don ki huta da bayani.

Duk da haka malamin bai koma haka nan ba. Washegari muka tafi ƙauyen mu uku, kuma a wannan yinin na ga gonar da na sha takawa kamar ban taɓa ganinta ba.

Ya fara da tsingaro, wato fasassun tukwanen da kuke tsinta kuna wasan girki da su. Ya sa muka lura cewa a kan tudun kanya suke da yawa, da an gangara fadama sai su ɗauke. Ya tambayi babanki ina ambaliya ke tsayawa a shekarar da ruwa ya fi yawa. Babanki ya nuna, sai ga shi daidai inda tsingaron ya fara. Mutanen sun san iyakar kogin, sun zauna kusa da shi yadda za su sha, nesa da shi yadda ba zai ci su ba.

A kan falalen dutsen da Iya ke shanya kuɓewa akwai ramuka masu santsi a jere, kin san su, kin sha zama a ciki. Ya ce wurin niƙa ne. Ramin da ya yi zurfi haka ba aikin mace ɗaya ba ne, uwa ta niƙa a nan, 'ya ta gada, jika ta gada. Wanda ke wucewa ba ya cinye dutse, sai wanda ya zauna. Ramukan kuma kusa da juna suke, yadda in mata suka durƙusa kafaɗa za ta taɓa kafaɗa. Ni na ce to ashe da hira suke niƙan. Ya ce wannan ni na faɗa, dutsen bai faɗa ba, amma ba zai yi musu da ni ba.

Can ƙasa da tudun, inda iska ke kwashe hayaƙi daga gidaje, ya tsinci baƙaƙen dunƙule masu nauyi da ramuka a jiki, irin wanda muke kira kashin maƙera. A nan aka narka tama aka fitar da ƙarfe. Ya ce aikin na buƙatar mai sare itace, mai gawayi, mai haƙo tama, mai zuga, kuma duk waɗannan sai an ciyar da su ranar da ba su je gona ba. Garin da ke narka ƙarfe yana da abinci fiye da na bakinsa. A bakin ruwa ya nuna mana ƙananan duwatsu masu tsaga a gefe biyu, waɗanda ake ɗaura wa taru don ya nutse. Ya sami ɗan dutsen ado ja guda ɗaya mai huda, ya ce ba a samun irin dutsen a ƙasarmu, daga nesa ya zo. Ya dubi mashigin, inda har yau Fulani ke ƙetarewa da shanu da rani, ya ce wurin da ake ƙetare kogi ba ya rasa baƙi.

Abu biyu ne suka fi zama mini a rai. Ɗaya wani tsingaro ne mai tsaga, da 'yan huji biyu, ɗaya a kowane gefen tsagar. Tukunyar ta tsage, mai ita ba ta yar ba, ta huda ta ɗaure da igiya ta ci gaba da zuba hatsi. Ɗayan kuma ɓangaren bakin tukunya ne da shaidar babban yatsa a jiki, inda maginiyar ta danna yumɓu yana ɗanye. Babanki ya sa nasa, ya yi girma. Na sa nawa, ya zauna daidai. Ban san sunanta ba, ban san harshenta ba, ban san abin da take bauta wa ba. Na dai san girman yatsanta, na kuma san ta yi sauri a wannan gefen, don zanen ya karkace.

Kafin mu taso malamin ya ja mana kunne a kan abu biyu. Ba lalle ne duk waɗannan kayan na zamani ɗaya ba ne. Mai niƙa da mai ƙarfe suna iya kasancewa ba su taɓa haɗuwa ba, kuma ba abin da zai raba su sai a tona a hankali a ga wanne ke ƙarƙashin wanne. Na biyu, ya zagaya tudun bai ga alamar ganuwa ba, irin wadda mutanen baya suka yi wa biranensu ko suka hau duwatsu don tsira. Ya ce rashin ganinta ba hujja ba ce, ƙila ruwa ya cinye ta. Na rubuta gargaɗin yadda ya faɗa. Amma a shekarun nan da muka yi muna kwana da takalmi a kusa, na sha tuna cewa mai yiwuwa an taɓa yin mutanen da suka kwana a bakin kogin nan babu katanga, ba abin da suke tsoro sai ambaliya.

A makon nan ne kuma na yi wa Iya abin da bai kamata ba. Tana da wani baƙin dutse mai santsi, mai baki kamar gatari, da take ajiyewa a rumbu cikin geron iri. Gatarin aradu ne, in ji ta, tare da tsawa ya faɗo, kuma rumbun da yake ciki aradu ba ta faɗa masa. Ni kuwa na dawo da sabon ilimi yana yi mini ƙaiƙayi. A gaban matan gida na ce mata ba daga sama ya faɗo ba, mutanen dā ne suka wasa shi suna sare daji da shi kafin a san ƙarfe.

Ta dube ni ta ce, "To, 'yar rediyo. Mutanen nan salla suke yi?"

Na ce ai sun riga zuwan Musulunci.

Ta ce, "Ashe kayan matsafa na ajiye a cikin abincin jikokina."

Da la'asar ta kai shi mashigi ta jefa a ruwa. Muddin daga sama yake tana riƙe da shi, da ta ji hannun wani ne ya yi shi sai ta ji ƙyama. Gaskiya na faɗa mata, har yau ban janye ba. Amma na faɗa kafin in tambaye ta a ina ta tsince shi, kuma bayan haka ko an ɗauko zancen sai ta tashi. Za ki shiga gidajen mutane da yawa a wannan aikin, za ki ga abin da kika karanta a littafi an ɗora shi a kan rumbu ko an tokare ƙofa da shi. Ki fara da tambaya: a ina aka samu, wa ya samu, me ke kusa da shi. Bayaninki ba zai ruɓe ba in ya jira. Kuma ba a yi wa babba gyara a gaban ƙanana, ko da digiri nawa ne a jaka.

Kuskurena na uku shi ne ya fi tsada, shi ne kuma nake so ki karanta sau biyu. Na haɗa rahoto mai kyau, edita ya yaba, aka sa shi da rana aka maimaita da yamma. A ciki na faɗi sunan ƙauyen, na faɗi mashigin, na faɗi kanyar, don an koya mini rahoton da bai faɗi wuri ba gurgu ne. Na kuma ƙara gishiri: na ce an gano "tsohon garin kakanninmu". Malamin bai ce gari ba, bai ce kakanninmu ba. Wata tsohuwa Bagwariya mai ginin tukwane, ƙawar Iya, ta aiko mini da saƙo cewa ita ma ta ji a rediyo, tana tambaya kakannin wa, nawa ko nata? Tsingaro ba ya faɗin ƙabila.

Kafin damina ta sauka sai ga baƙi da diga da shebur. Gumakan yumɓu suke nema, irin waɗanda ake saye a fitar waje, don sun ji ana samunsu a wasu wurare a kudancin jiha. Suka ce wa mai unguwa rijiya suke gwadawa. Ba su sami ko ɗaya ba. Amma sun bar tudun da ramuka, sun farfasa abin da suka tarar, sun juya ƙasar ƙasa ta koma sama. Da malamin ya dawo da ɗalibansa bayan shekara ya zagaya tudun, sannan ya ce babu sauran abin karantawa a nan, sai dai in akwai wani ɓangaren da diga bai kai ba. Babanki ya yi asarar rabin lambunsa, bai taɓa yi mini gori ba. Abin da kawai ya ce shi ne, "Ke da rediyonki, ko kaza aka ɓoye sai kin faɗi akurkin."

Ɓangaren da diga bai kai ba shi ne ƙarƙashin kanyar, don saiwa ta hana su. Nan ne kogi ya buɗe bana. Shi ya sa zan roƙe ki: kada ki sa wannan labarin a waya, kada ki tura wa ƙawaye, kada ki rubuta sunan wurin inda kowa zai gani. Ki nuna wa malamin da zai duba aikinki, shi kaɗai, ki tambaye shi yadda ake bi ta hannun hukumar da abin ya shafa. Kuma duk abin da za ki rubuta a rayuwarki, ki tsaya inda shaidarki ta tsaya. In dutse ya ce an niƙa, ki ce an niƙa. Hirar matan ki ajiye ta a zuciyarki, kamar yadda na ajiye.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki biro maimakon in kira ki.

A tasha, direba na ɗaure akwatinki, kin ce wa ƙanwarki Binta, "Ni ba abin da na bari a dajin nan sai kabari. In na gama, duk inda aka ba ni wurin tono nan zan tsaya." Da ni kike, na sani, don haka muka saba, ni da ke sai ta bakin wani. Ni kuma na ce wa Binta, "Ki ce wa yayarki ta riƙe fasfonta da kyau." Mota ta tashi. Abin da na sallame ki da shi ke nan.

Ke ce ta fari, na yi miki kunyar da aka yi mini. Ban kira sunanki ba, ban ɗauke ki a gaban mutane ba, da aka yaye ki Iya ta tafi da ke ban ce komai ba. Kin tashi kina kirana Yaya kamar yadda ƙannena ke yi. Na yi hira da gwamnoni ban ji nauyin tambaya ba, amma ban iya tambayarki ko kin ci abinci ba sai in ce a tambaye ki. Ban raina al'adar ba, tana da kyanta, kuma Iya ta riƙe ki fiye da yadda zan iya a lokacin. Kuskurena shi ne ranar da 'yan bindiga suka tare babanki a hanyar gona. Aka rufe shi da gaggawa a bayan ƙauye, ƙauyen ya watse cikin mako, kika zo daga makaranta kika zauna a gefen gadona kina jira in ce wani abu. Na ce a kawo miki ruwa. Ranar ba ta kunya ba ce, amma ban san wata hanyar ba. In Allah ya ba ki naki, ki yi kunya a gaban mutane in kina so, amma in kun shiga ɗaki ki yi magana.

Sale ya ce ya share ciyawar kabarin, ya gyara duwatsun. Ya ce rufin ɗakuna duk ya faɗa, rumbun Iya ya rushe ta gefe ɗaya. Kin tuna har ta rasu a nan gari tana tambaya ko an rufe mata bakin rumbun. Dutsen niƙanta yana nan inda yake a gindin bango, da ɗansa a kai, yadda ta bar shi da safiyar da muka taso. Na yi ta tunanin wanda zai tona wurin nan bayan an manta da mu. Zai ga dutsen da ɗansa a kai, zai ga tukwane a kan murhu, zai ce waɗannan ba ƙaura suka yi ba, gudu suka yi, don mai ƙaura ba ya barin dutsen niƙa. Zai yi daidai. Zai san gero muke ci, zai san muna da babura. Ba zai san babanki yana da barkwanci ba, ba zai san wa Iya ta goya a gindin kanyar ba. Mu ma haka muka tsaya a gaban mai yatsan nan. Ba mu san ko lafiya suka tashi ba, ko su ma an tashe su, ko akwai wadda ta zauna a wani gari tana tambaya ko an rufe mata rumbu.

Ba na ce ki dawo ba. Buɗe hanya daban, zaman lafiya daban, kuma na karanta sanarwa irin wannan a rediyo da bakina fiye da sau ɗaya. In malamanki suka ga wani wurin ya fi, ki je, da yardata. Gyara kawai nake yi wa maganarki ta tasha, don aikina ke nan tun kafin a haife ki: ba kabari kaɗai kika bari ba. Akwai tukunyar da ba a wanke ba, a cikin ƙasar da ba a juya ba, a gonar ubanki. In akwai ƙanzo a gindinta, shi ne abin da na zubar wa gwanda, an sake ba mu. Ni ba zan iya karanta shi ba. A gidan nan ke kaɗai ce za ki iya. In da rani hanya ta tabbata kika zo da mutanenki, zan bi ku ko a bayan babur ne. Zan zauna a inuwar kanya in riƙe muku ruwan sha, kuma na yi alkawari ba zan taɓa komai ba.

Jiya da safe Sale ya koma da buhunan yashi. Na ce ya jera su a gindin gaɓar, ya mayar da ƙasa a kan bakin tukunyar, ya yafa ƙaya a sama kamar shingen gona, kuma kada ya yi zancen a teburin mai shayi. Ya ce, "Matar Yaya, yau ke ce ke hana yaɗa labari? Lallai duniya ta zo ƙarshe." Ya tafi yana dariya, amma na ga ya tsaya a zaure ya yi addu'a kafin ya tada babur.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko da rana ta rikice miki a can. Ki ci abinci, na san halinki in karatu ya kama ki. Na sa miki kuka da daddawa da yajin da kike so a cikin ƙullin da direba zai ba ki tare da wannan takarda. Ki tambaya ko za a bar ki ki shiga da su jirgi, in an hana ki bar wa gwaggonki. Na rubuta sunanki a bayan ambulan da hannuna, Binta ta gani ta rufe baki tana dariya. Bari in rubuta shi a nan ma, inda ba mai gani sai ke. Halimatu. Ina kewarki tun kina ƙauye, ba yau na fara ba.

Allah ya kiyaye ki a sama da ƙasa, ya ba ki ilimi mai amfani, ya tsare miki mutuncinki. Allah ya jiƙan babanki da Iya, ya zaunar da dajinmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa. Binta da Auwalu suna gaishe ki. Ki gaida gwaggonki, ki ce na gode.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Rabi.

An yi ruwa mai ƙarfi jiya da yamma ta wajen dajin. Babu sabis a Mashigin Kanya, Sale bai kira ba. Wani mai babur da ya fito ta can da safen nan ya ce kogi ya ƙaru amma bai kai gindin kanyar ba. Mutum ɗaya ne ya faɗa, ban tabbatar ba tukuna.